Almagili da Mas'alar Zaluncin Mai Mulki: Nazari daga Ƙasar Gobir

Littafin da Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda aka sani da sunan Tajuddini fi ma Yajibu alal Muluki, ƙaramin littafi ne, babi takwas kacal, wanda ɗalibi zai iya biya shi a zama guda. Duk da haka, da wuya a sami wani rubutu da ya kai shi tasiri a kan yadda malamai da masu mulki na ƙasar Hausa suke tunani game da iko da kuma ɓarnar da iko ke haifarwa. Shekara ɗari biyar ke nan da ƴan kai ana kwafe shi, ana sharhinsa, ana kafa hujja da shi. Dalilin sake duba shi a wannan mujalla shi ne, tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, aikin rubuta littattafan yaƙi da jahilci da na tarbiyyar ɗan ƙasa ya ƙara nauyi, kuma duk wanda zai rubuta wa manomin Cadakori darasi a kan hukuma da haƙƙin talaka tilas ne ya yi aiki da kalmomi irin su iko, mulki, adalci da zalunci. Waɗannan kalmomi suna da tarihi, Almagili kuwa yana tsakiyar tarihin nasu.

Shi dai mutumin Tilimsan ne, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, malamin fikihun Malikiyya. Ya zauna a Tuwat cikin Sahara, daga can ya gangaro ƙasar Azbin, ya shiga Kano da Katsina, sa'an nan ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu. Ya rasu a Tuwat wajen shekarar 1504. Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya sami rubutu biyu daga gare shi: Tajuddini, da kuma wata gajeriyar wasiyya ta shekarar 897 ta Hijira, watau wajen 1492, a kan abin da ya halatta ga mai mulki ya yi domin hana mutane aikata haram. T. H. Baldwin ya fassara Tajuddini zuwa Ingilishi, aka buga a Bairut a 1932, Hassan Gwarzo kuma ya yi nazarin rayuwar malamin da koyarwarsa a kundin digirinsa na Landan a 1972.

Babobin takwas sun fara da kyautata niyya, suka biyo da kyautata kamanni da shiga, da tsara daula, da taka-tsantsan a gida da wajen tafiya, da binciken al'amura, da adalci a shari'a, da tara dukiya ta hanyar halal, suka ƙare da yadda ake kashe ta. Wanda ya karanta jerin nan kawai zai zaci wa'azi ne irin na yau da kullum. Abin da ya bambanta littafin shi ne gargaɗi guda ɗaya da marubucin ke komawa gare shi a ƙarshen babi bayan babi, kamar amshin waƙa, cewa mafarin duk wata masifa a ƙasa shi ne mai mulki ya sa shamaki tsakaninsa da waɗanda yake mulka. A nan ne hikimar littafin take. Almagili bai ɓata lokaci yana siffanta azzalumin sarki mai son jini ba. Ya ɗauka cewa sarki yana iya zama mai salla, mai azumi, mai kyakkyawar zuciya, amma a yi ta zalunci da sunansa daga safe har dare saboda kuka ba ya kai masa. Don haka ya wajabta wa sarki ya zauna kowace rana a inda mata da yara za su iya isa gare shi, kuma ya ce naɗa alƙalai ba ya sauke wannan wajibi, domin sau da yawa ƙarar a kan su alƙalan da gwamnonin take. Ya nemi a san abin da ma'aikaci ya mallaka kafin a naɗa shi, a riƙa duba abin da ya ƙaru masa bayan naɗi, kuma ya ɗauki kyautar da ake kai wa mai muƙami a matsayin ƙofar ɓarna.

Bahaushe yana da karin magana da ke cewa babu mugun sarki sai mugun bafade. Ana yawan kawo ta a matsayin mai goyon bayan Almagili, alhali kuwa sun yi hannun riga. Karin maganar tana wanke sarki ne, ta ɗora laifi a kan na kusa da shi, kuma amfaninta a bakin talaka sananne ne: tana ba shi damar yin kuka ba tare da ya taɓa rawani ba. Almagili bai yarda da wannan sassauci ba. A wurinsa mugun bafade aikin sarki ne, tun da sarki ne ya naɗa shi, sarki ne kuma ya shige gida ya bar masa zaure. Wannan ita ce gudummawarsa mafi ƙarfi, kuma har yau ba ta tsufa ba, ko da an musanya zaure da ofis, an musanya dogari da sakatare.

Amma akwai abin lura. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya jingina wa Rumfa ɗin nan abubuwa goma sha biyu da ya fara, daga cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da kulle, da kakaki, da figini, da ba bābanni sarautu. Watau sarkin da aka yi wa gargaɗi a kan shamaki shi ne wanda tarihi ya fi tunawa da tsawaita tazara tsakanin fada da gari. Babi na biyu na littafin da kansa ya buɗe wa haka ƙofa, don yana son sarki ya kasance mai kwarjini, mai kame kai, wanda ba a raina shi. Yadda za a haɗa kwarjini da sauƙin kai, marubucin ya bar wa sarki ya warware da kansa. Babban raunin Tajuddini ke nan: duk wani birki da ya sa wa mai mulki yana cikin zuciyar mai mulkin ne, ko kuma a bakin malamin da ke yi masa nasiha. Idan tsoron Allah ya yi ƙaranci, malamin kuma ya ci tuwon fada, littafin ba shi da sauran dabara. Talakawa a cikinsa abin kiwo ne da aka ba makiyayi amana, kalmar Larabcin ma da ya yi aiki da ita, ra'iyya, asalinta daga kiwo take. Garke kuwa ba ya tuhumar makiyayi.

An sha kwatanta shi da Makiyabeli na Italiya, wanda ya rubuta littafinsa a kan sarauta a 1513, kimanin shekara ashirin bayan na Almagili. Kamar da ke tsakaninsu ta sama-sama ce. Gaskiya ne dukansu biyu sun san amfanin ƴan leƙen asiri, sun ja kunnen sarki kada ya saki jiki da kowa, kuma ba su son sarkin da ya kwanta a birni ya manta da doki. Sai dai Makiyabeli yana auna aiki da ko ya tsare mulki, Almagili kuwa yana auna mulkin kansa da shari'a, ya ɗauke shi nauyi ne da za a yi wa mutum hisabi a kansa.

Wanda ya tsaya a Tajuddini ya san rabin Almagili ne. Ɗaya rabin yana cikin amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu, waɗanda John Hunwick ya buga tare da fassara da sharhi a 1985. Askiya ya karɓe mulkin Songai da takobi a 1493 daga hannun ɗan Sunni Ali, yana kuma bukatar wanda zai halatta masa abin da ya yi. Ya siffanta wa malamin halayen Sunni Ali, wanda ya riga ya mutu a 1492, ya tambayi hukuncinsa da na dukiyar da ya bari. Almagili ya yanke cewa idan haka halinsa yake, to shi da mataimakansa kafirai ne, ko da suna furta kalmar shahada. A cikin amsoshin ne kuma ya yi bayanin miyagun malamai masu cin abinci da addini, da mujaddadin da ke zuwa a kan kowane ƙarni, da halaccin yaƙar sarkin da ke zaluntar jama'arsa idan za a iya kawar da zaluncin ba tare da jawo ɓarnar da ta fi shi ba. Sharaɗin nan na ƙarshe, na zaɓen mafi sauƙin sharri biyu, hankali ne tsantsa. Abin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne an yanke wa mamaci hukunci bisa bayanin abokin gabarsa kaɗai. Mutumin da ya koya wa Rumfa kada ya gaskata labari sai ya bincika, shi ne ya ba Askiya fatawa a kan labarin ɓangare guda, ya fake da kalmar "idan".

Akwai kuma al'amarin Tuwat, wanda yawancin masu yabon Almagili a Hausa sukan tsallake. Kafin zuwansa ƙasar Hausa ya ja gaba wajen rushe wurin ibadar Yahudawa na Tamantit, bisa hujjar cewa sun karya sharuɗɗan zaman amana. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, aka aika tambaya ga malaman Fas da Tunis da Tilimsan, ra'ayoyinsu suka rabu. Ahmadu Baba na Tumbuktu ya ruwaito cewa Almagili ya sa ladan miskali bakwai ga duk wanda ya kashe Bayahude. Jama'ar da ta daɗe a wannan zango ta watse. Bayan an kashe ɗansa a Tuwat yana Gawo, ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke birnin. Wannan ba ƙaramin tabo ba ne da za a rufe da yabon iliminsa, domin yana nuna iyakar adalcin da yake kira gare shi: adalci ne mai faɗi ga wanda ke cikin da'ira, amma shi ne kuma mai zana da'irar.

Ta wannan fuska ta biyu ce Almagili ya fi shafar ƙasar Gobir. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshin Askiya a littattafai da dama, musamman Sirajul Ikhwani na 1811, ya kuma kawo wasiyyar Rumfa cikin Tanbihul Ikhwani. Farkon mu'amalarsa da sarakunan Gobir ta yi kama da ruhin Tajuddini: a Magami, wajen 1788, abin da ya nema daga Bawa Jan Gwarzo ya haɗa da sakin ƴan kurkuku da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da Nafata ya kafa dokokinsa na hana rawani da lulluɓi, Yunfa kuma ya matsa wa jama'ar Shehu har aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sai ma'aunin Gawo ya maye gurbin na Kano. Hukuncin da aka yanke wa Sunni Ali ya zama samfurin wanda aka yanke wa sarakunan Hausa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, Mayaƙi ya kafa Tibiri kusa da Maradi, inda zuriyar sarakunan Katsina suka riga suka kafa nasu mazauni. Cadakori da sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji suna cikin wannan ƙasa ta Gobir ta Tibiri. Ma'ana, mai karatun da ake rubuta wa darasi a can, a tarihinsa, yana ɓangaren da aka yi amfani da Almagili a kansa. Marubucin da ya kwaso labarin jihadi daga littattafan Sakkwato ya zuba a littafin karatu ba tare da tacewa ba zai tarar yana kiran kakannin ɗalibansa da sunan da ba za su amsa ba.

Ga masu nazarin harshe, rubutun da ya fi daraja a wannan silsila shi ne Kitabul Farƙi na Shehu, wanda Mervyn Hiskett ya buga a 1960. Da Larabci aka rubuta shi, amma da ya zo lissafa zaluncin sarakuna sai ya kira abubuwan da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa, tawasa, gargaɗi. Wannan ci gaba ne a kan Almagili, wanda ya yi magana a dunƙule. A nan zalunci ya sami suna da farashi: kuɗin da ake ɗora wa shanu, abin da ake yanka daga naman mahauci a kasuwa, dabbar da bayin sarki ke kamawa a hanya ba biya, tarar da ake ci ga wanda ya ƙi fita yaƙi. Abin sha'awa kuma shi ne yadda wasu kalmomin ke sanye da rigar mutunci. Gaisuwa ladabi ce, gargaɗi nasiha ne, amma a bakin fada sun zama cin hanci da tilas. Harshe yakan lulluɓe ɓarna kamar yadda labule ke lulluɓe sarki, kuma wannan shamaki ne da Almagili bai hango ba.

Kalmomin sun fi daulolin da suka haife su tsawon rai. Tun ana tsakiyar jihadi Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga jama'a, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami wajen 1806 zuwa 1807, inda ya zuba babban kaso na Tajuddini. Watau cikin shekara uku da hijira an riga an koma karanta wa sababbin masu mulki gargaɗin da aka yi wa tsofaffi. Jangali ya ci gaba a ƙarƙashin sarakunan Fulani, Ingilishi suka gaje shi suka tsara shi a takarda, har sai da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka yi shelar soke haraji da jangali a 1979. Ƴan NEPU na Malam Aminu Kano tun daga 1950 sun riƙa jifan sarakuna da littattafan kakanninsu. A arewacin iyaka kuwa lanho da aikin tilas suka zama sababbin sunayen tsohon ciwo, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Ƙasar Tibiri da Maradi tana da abin da za ta ƙara wa wannan muhawara, wanda babu shi a Tajuddini. A Maradi, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a nazarinsa na zamanin Ɗan Baskore, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi su ne rukunan da ke zaɓen sarki, kuma ba ya iya gudanar da mulki sai da su. A Gobir akwai majalisar Tara, akwai kuma Inna, mace mai sarauta da fadarta da mabiyanta. Almagili da almajiransa za su kalli sarautar Inna ta fuskar bori kawai, su yanke mata hukunci. Amma ta fuskar rabon iko, waɗannan muƙamai birki ne na waje, wanda bai dogara da kyawun zuciyar sarki ba. Ba su hana zalunci ba, tarihin ƙarni na 19 na wannan yanki cike yake da hari da kamun bayi daga kowane ɓangare. Sun dai amsa tambayar da malamin ya bari a buɗe: wa zai tsayar da sarki idan ya ƙi jin nasiha?

Akwai kuma nau'in ɓarnar da ma'aunin Almagili bai isa ya auna ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, har ta zo ƙarshenta a watan Yuli a Dankori da Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Hafsoshin Faransa ƴan kaɗan ne. Hannuwan da suka yi aikin na sojojin haya da ƴan rakiya ne, kowa yana bin umarni. A nan tunanin Hannah Arendt yana da amfani. Bayan ta halarci shari'ar Eichmann a Ƙudus a 1961, ta nuna a littafinta na 1963 cewa mummunan aiki mafi girma yana iya fitowa daga ma'aikaci mai biyayya, wanda ba ƙiyayya ce ta cika shi ba, tunani ne ya daina. Almagili ya duba ɓarna daga sama, ya ga sarkin da ba ya ji; Arendt ta duba ta daga ƙasa, ta ga ɗan aiken da ba ya tambaya. Tajuddini ba shi da babi ko guda da aka rubuta domin dogari.

Daga nan ne aikin masu tsara littattafai ya fara. Kalmar Faransanci pouvoir takan zo a takardun hukuma da ma'anoni da Hausa ta rarrabe: iko shi ne damar zartarwa, mulki shi ne gudanar da jama'a, sarauta muƙami ne da naɗi, ƙarfi kuwa na damtse ne ko na bindiga. Arendt ta rubuta littafi guda a 1970 domin ta raba iko da ƙarfin tsiya, abin da Bahaushe ya riga ya raba a bakinsa, kuma asara ce mai fassara ya haɗe su. Haka nan mugunta hali ce ta mutum, ƙeta mugunta ce mai shiri, sharri yakan ɗauki ma'anar ƙage, zalunci kuwa shi kaɗai ne ke nuna an tauye haƙƙin wani, kuma ana iya yin sa ba da mugun nufi ba. Darasin da ya fassara cin zarafin da hukuma ke yi da mugunta ya mai da shi matsalar halin mutum ɗaya, ya koma ga karin maganar bafade. Kalmar talaka ta fi duka wuya, don ta haɗa wanda ake mulka da wanda ba shi da komai, ba ta kuma ɗauke da ma'anar mai haƙƙi. Ɗan ƙasa ta fi dacewa, ko da yake a ƙauyukan Gobir tana iya nufin wanda aka haifa a wurin, kishiyar baƙo. Siyasa ma a tsohuwar Hausa lallashi ce da iya tafiyar da mutane, a wasiyyar Rumfa kuma tana nufin horon da mai mulki ke yi bisa ganin damarsa. Kafin a buga ko ɗaya daga cikin waɗannan a littafin ajin manya, ya kamata a gwada ta a bakin dattawa da mata na Cadakori da Agye da Gazawa, a rubuta jimlolin da suka sa ta a ciki, a ga ko ma'anar da ke ƙamus ita ce ke kasuwa.